Abin da Baba Ya Gani a Bakin Tafki

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Inna. Ya ƙafarta? Rabona da labarinku tun zaman makokin Mama. Mu nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Bayana ne yake ciwo saboda zaman keken ɗinki, amma wannan ya zama ɗan gida.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga wajena. Mama takan ce kakanku ɗaya, ni kuwa ganin da na yi maka bai taka kara ya karya ba. Abin da na riƙe shi ne kana kirana Uwata saboda sunan mahaifiyarka aka sa mini, kuma aikinka duban sama ne a filin jirgi. Na so in kira ka a waya, amma ka san gidanmu, ɗaki biyu ne, bangon kamar takarda, Baba kuma kunnensa kamar na zomo. Kai kuma an ce mini sai an ɗaga murya kake ji.

Maganar Baba ce. Har yanzu yana aikinsa na kula da injin tura ruwa a bakin tafki. Da sassafe yake fita, ya duba sandar awon ruwa, ya tayar da injuna, ya zauna shi kaɗai har a zo a karɓe shi. Tafkin ka san girmansa, daga gefenmu ba a hango tsallake, ruwa ne kawai har ya haɗu da sama. A shekarun nan an gina wata masana'anta a can mai dogon bututun hayaƙi, da wurin da jiragen ɗibar yashi suke tsayawa. Labarinsu muke ji, ba ma ganinsu.

Kwanakin baya ya dawo yana shan shayi, sai ya ce mini yau ya ga masana'antar. Na ce a ina? Ya ce a sama. Wai bututun da jiragen duk sun ɗago sun rataye a saman ruwa, har akwai tazara tsakaninsu da ruwan, ɗaya jirgin ma yana da ɗan'uwansa a kife a kansa, kuma duk sun yi ja kamar garwashi. Da rana ta ɗaga sai suka narke. Na yi dariya, shi ma ya yi. Bayan 'yan kwanaki ya sake faɗa, wannan karon ba dariya. Ya faɗa a wurin aiki, ya faɗa a shagon aski. Yanzu yaran layinmu idan ya wuce tambayarsa suke yau jirgi nawa ya tashi.

Ƙanina, wanda kowa ke kira Mai Kanti, ya ce a kai shi wajen likitan ƙwaƙwalwa tun kafin abin ya yi nisa. Maƙwabta kuma sun ce iska ce. Na ce to, tunda Kawu aikin iska yake yi, bari in tambaye shi. Baba bai taɓa yi mini ƙarya ba, yana cin abincinsa, yana sallarsa a kan lokaci, bai taɓa makara a aiki ba. Amma ni ma ban taɓa jin jirgin ruwa a sama ba. Don Allah ka gaya mini abin da ka sani. Na gaji da tsayawa tsakanin uba da ƙane.

A gaida Inna da jiki.

'Yarka, tela.

*

Uwata,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na ji daɗin ganin hannunki, ya yi kama da na marigayiya mahaifiyarki. Allah ya sawwaƙe miki ciwon bayan, ki riƙa miƙewa kina zagaya tsakar gida.

Ƙafar Innarki ba daɗi. Ciwon sukari ya kama yatsa, an kwantar da ita. Abokin aikina an yi masa canjin wuri ba a kawo wani ba, don haka ni ne a tashar duban yanayi, ni ne a asibiti. A tsaye nake rubuta miki wannan, a kan akwatin ma'aunin zafi, kafin motar ma'aikata ta tashi.

Game da Yaya, mahaifinki, na san wannan abin sarai, ba yau na fara jin irinsa ba. Abin da yake gani ba ya nan a inda yake ganinsa, ido ne ake yaudara. Kada ku yi musu da shi, musu ba zai amfana komai ba. Idan na samu kaina zan zauna in yi miki bayani dalla-dalla. Ki kwantar da hankalinki.

Kawunki.

*

Kawu,

Assalamu alaikum. Ya mai jiki? Allah ya ba Inna lafiya, ya sa kaffara ne, kai kuma ya ba ka ladan jinya. Ban san kana cikin wannan hali ba, da ban ƙara maka kaya ba. Na gode da ka amsa duk da haka.

Takardarka ta iso Mai Kanti yana gidan, shi ya karɓa daga hannun mai kawowa. Ya karanta, ya miƙo mini, ya ce to ga shi, masanin ma ya faɗa, saura me. Na karanta ni ma.

Mun kai Baba asibiti da sunan za a auna masa hawan jini. Layi ya yi tsawo, likitan ya gaji tun kafin mu shiga. Ya saurari Baba kaɗan, Baba kuwa ya zayyana masa komai har da jirgin da ke kife. Mai Kanti ya nuna masa takardarka. Likitan ya gyaɗa kai, ya ja mu gefe, ya faɗi irin maganarka, cewa kada mu yi musu da shi. Ya rubuta ƙwayoyi.

Daga nan Mai Kanti ya je wajen shugaban su Baba, da niyyar roƙa masa hutu. Shugaban ya ce mutumin da ke gane-gane ba za a bar shi shi kaɗai da injunan da gari ke shan ruwa da su ba. Ya ce ya zauna a gida tukuna. Washegari suka aiko aka karɓi makullai. Baba da kansa ya ciro su daga aljihu, ya goge su da bakin rigarsa kafin ya miƙa.

Da yamma ya kira ni, ya ce ya ji ana maganar wata takarda. Na ce daga wajenka ce. Ya ce:

"Shi ma yaron nan haka ya ce?"

Na ce haka ya ce, Baba. Ya juya fuskarsa bango.

Ƙwayoyin suna sa shi barci, hannunsa yana rawa, shayi ma sai na riƙe masa kofi. Ƙarar keke tana damunsa, don haka na fitar da keken baranda nake ɗinki, ga kayan 'yan makaranta sun taru a kaina, masu su suna ta zarya. Ba ƙorafi nake ba. Ina jiran bayanin da ka ce za ka yi, ko zan san sunan abin da muke jinya.

'Yarka.

*

Kawu,

Assalamu alaikum. Shirun ya yi yawa, har yanayi ya juya, ruwa ya sauka. Ina fatan lafiya, ina fatan Inna ta samu sauƙi. Na tambayi waɗanda zan iya tambaya, ba wanda ya san halin da kuke ciki.

Baba ya daina maganar jirage. Mai Kanti ya ce sauƙi ne ya samu. Ni dai ban sani ba, domin ba jirage kaɗai ya daina ba, maganar ce gaba ɗaya. Da sassafe yakan tashi ya sa kayan aikinsa, ya zauna a bakin ƙofa da takalmi a ƙafa, har rana ta same shi a nan in ce ya shigo.

Idan na dame ka ne ka yi haƙuri. An ce zumunci a ƙafa yake, namu kuwa na takarda ne, wataƙila shi ya sa ba shi da nauyi. Ba sai ka yi dogon bayani ba, layi ɗaya ma ya isa, in dai san kuna raye.

'Yarka.

*

Uwata,

Wa alaikumus salam. Muna raye. An yanke wa Innarki ƙafa daga ƙasan gwiwa. Na ɗauki hutun dole na tare a asibiti, kan tabarma a gefen gadonta, sai makon nan aka sallame mu. Tana gida, tana cin abinci, ba ta son a buɗe taga. Ni kuma na koma aiki jiya, na tarar da takardunki biyu a aljihun tebur, wanda ya riƙe mini wurin ya ajiye su ya manta. A tsaye na fara karantawa, ban gama ba sai da na nemi kujera.

Uwata, ba abin da na nufa ke nan ba. Yaya ba ya gane-gane. Abin da ya gani ya gani, duk mai ido da ya tsaya kusa da shi a wannan safiya zai gani. Na rubuta rabin magana a gaggauce na tafi, na bar ku da rabin. Maƙwabtanki sun yi gaskiya da suka ce iska ce, amma ba irin tasu ba.

Ki cika kofin gilashi da ruwa ki tsoma cokali. Za ki ga kamar ya karye a bakin ruwan. Cokali lafiyarsa ƙalau, haske ne ya karkata da ya fito daga ruwa ya shiga iska. To, iskar ma ba ɗaya ba ce. Mai sanyi ta fi mai zafi nauyi, kuma idan haske ya ratsa tsakaninsu yakan lanƙwashe ya karkata wajen mai sanyin. Ido bai san da lanƙwasa ba. Ta inda haske ya shigo masa, nan yake ɗauka abin yake. Wannan nake nufi da na ce ana yaudarar ido, idona da naki da na likitan duka.

Kin sha ganin ruwa kwance a kan kwalta da tsakar rana, kuna matsowa yana gudu. Ƙawalwalniya ke nan. Sararin sama kike gani a ƙasa, domin iskar da ke kan kwalta ta fi ta samanta zafi, sai hasken da ya gangaro ya lanƙwashe ya dawo cikin idonki. Ban taɓa jin an ba wani ƙwaya don ya ga wannan ba.

Na Yaya shi ne kishiyarsa. A ƙarshen sanyi ruwan tafki yana nan da sanyinsa, iskar da ke kansa ma haka, sai iska mai ɗumi ta taso daga tudu ta kwanta a samanta kamar bargo. Hasken da ya taso daga tsallake, wanda da zai wuce ta saman kan mutum, sai ya lanƙwaso ƙasa ya faɗo a idon wanda ke tsaye a bakin ruwa. Shi ya sa abin da ke ɓoye a bayan doron ruwa yake ɗagowa. Wani lokaci hasken saman jirgi da na ƙasansa sukan saɓa hanya, sai a ga jirgin a kife. Jan kuwa na safiya ne. Rana tana ƙasa, haskenta yana ratsa iska mai yawa kafin ya iso, iskar tana watsar da shuɗinsa a hanya, shi ne shuɗin da kike gani a sama, sai ja ya rage ya sauka a kan jiragen. Da rana ta ɗaga iska ta motsa, shimfiɗar ta gauraye, komai ya koma mazauninsa. A da babu abin da zai ɗago a can sai yashi, shi ya sa bai taɓa lura ba sai da aka gina bututun.

Ranar da za a shiga da Innarki ɗakin tiyata, rana ta yi zobe a sama. Matan da ke jinya suka fito suna kallo, wata ta ce alama ce, ba ta faɗi ta mece ce ba. Ni na san ƙananan ƙwayoyin ƙanƙara ne a cikin siririn gajimare can sama suke karkata haske. Na sani, amma sai da gabana ya faɗi. Ina gaya miki ne don kada ki ga laifin kanki ko na ƙaninki. Ni da na sani ne na yi sakaci.

Na haɗo da wata takarda daban, da hatimin tasharmu, ki kai wa likitan da shugaban. Kada ku tsayar da ƙwayoyin da kanku, likita ne zai san yadda za a janye su. Lokacin ganin abin ya wuce bana, yanzu iska ta yi yawa. Sai sanyi ya zo ƙarshe, a safiyar da ganye ba ya motsi.

Ki gaida Yaya, idan zai karɓi gaisuwata.

Kawunki.

*

Kawu,

Assalamu alaikum. Inna lillahi. Ashe abin da kuke ciki ke nan ina can ina yi maka gori. Ka yafe mini maganar zumuncin takarda, gajiya ce ta rubuta ta. Allah ya ba Inna haƙuri da juriya. Ka bar mata tagar a rufe, ranar da ta so za ta buɗe.

Na karanta bayaninka na sake karantawa. Na kira Mai Kanti, na kawo kofi da cokali na ajiye a gabansa, na karanta masa. Da farko faɗa ya kama yi, wai me ya hana ka faɗi haka tun farko. Can sai ya ƙura wa cokalin ido, ya tashi ya fita bayan gida ya daɗe. Da ya dawo idonsa ya yi ja. Shi ya karɓi takardar mai hatimi ya kai da kansa.

Shugaban ya karanta, ya ce abin sha'awa ne, bai taɓa sani ba. Amma an riga an ɗauki wani a wurin, kuma ko ba wannan ba shekarun Baba sun kai. Ya ce a gaishe shi.

Likitan ya fi shi kunya. Ya ce da ya ga wannan tun farko da bai rubuta abin da ya rubuta ba. Ya janye ƙwayoyin a hankali, rawar hannun ta tafi, barcin ya ragu. Na ɗauka shi ke nan, Babanmu zai dawo.

Kawu, bai dawo duka ba. Bayan an daina maganin ya je aski ya kasa gane hanyar gida, mai gyaran babur na bakin titi ne ya rako shi. Ranar nan ya kira ni da sunan da yake kiran Mama, ya tambaye ni ko yara sun dawo daga makaranta. Kullum yana laluben aljihu yana neman makullai. Muka koma asibiti. Wannan karon likitan ya zauna da shi sosai, ya sa shi zana agogo, ya faɗa masa kalmomi ya ce ya riƙe. Ya ce mantuwar tsufa ce ta fara. Na tambaye shi ko dama tana nan tun kafin jiragen, ko zaman gida da ƙwayoyin ne suka jawo ta. Ya ce ba zai iya rantsuwa a kan ko ɗaya ba.

To ka gani. Ya yi gaskiya, kuma ba shi da lafiya. Na rasa inda zan ajiye abu biyun nan a cikin kaina. Mai Kanti yanzu kullum yana gidan, yana yanke masa farce, yana yi masa hira, ba ya iya haɗa ido da ni.

Na gwada karanta wa Baba bayaninka. Da na ambaci sunanka ya ɗaga hannu, ya ce ba ya son jin komai daga wajen yaron nan. Abubuwa da yawa sun zube masa, wannan bai zube ba. In za ka iya, ka rubuto masa shi kansa, ba ta hannuna ba. Gajeriya, domin doguwa ba ta zama.

'Yarka.

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da girmamawa, ina fatan jiki da sauƙi. Ni ne yaron da ka ɗauka a bayan kekenka ka kai tashar mota ranar da zan tafi makaranta, akwatina a kan kaina, kana ce mini in riƙe da kyau.

Yaya, abin da ka gani a kan tafki gaskiya ne. Bututun yana nan, jiragen suna nan, har wanda ke kife ka gan shi daidai. Idonka lafiya, hankalinka bai yi maka ƙarya ba. Na tsufa ina duban sama, sau ɗaya na taɓa ganin irinsa, shi ma bai kai naka kyau ba.

An tambaye ni, na ba da amsa a gaggauce, aka fahimce ta yadda ban nufa ba, ta jawo maka abin da ta jawo. Laifina ne, ba na yaranka ba. Ka yafe mini.

Ƙaninka.

Uwata, ga ta nan, ki ba shi a hannunsa. Innarki ta fara koyon sanda, jiya ta kai bakin ƙofa ta zage ni don na ce ta yi a hankali. Na ji daɗin zagin.

*

Kawu,

Assalamu alaikum. Na daɗe ban rubuto ba, ba fushi ba ne, hannu ne bai samu sarari ba. Ya Inna da sanda? Allah ya ƙara mata ƙarfin zagi. Bayana yana nan yadda ka san shi. Baba yana cin abinci, jikinsa da ƙarfi, kan ne dai yake ta raguwa kamar sabulu.

Na ba shi takardarka a hannu. Ya juya ta, ya ce in karanta. Da na gama ya ninke ta ya sa a aljihu. Washegari ya ciro ta ya tambaye ni takardar mece ce wannan. Na sake karantawa. Da na zo wajen keke sai ya yi murmushi, ya ce akwatin ya fi yaron girma. Ya ce in gaya maka ba komai. Ban sani ba ko ya san abin da yake yafewa, amma ya faɗa, na kuma isar.

Da sanyi ya fara ja da baya na ce wa Mai Kanti ina so a riƙa kai mu bakin tafki da safe. Bai yi musu ba, ya riƙa zuwa da motar ɗaukar kayansa. Sabon ma'aikacin mutumin kirki ne, ya bar mu muna zama a kan dakalin siminti kusa da sandar awo. Mun yi ta zuwa ba mu ga komai ba sai ruwa da tsuntsaye. Ɗinki ya taru, wata mata ta zo ta kwashe yadinta ta kai wani wuri. Na fara cewa a raina wannan wahalar ta isa, wa nake yi wa ma, tunda mai abin ya manta.

Shekaranjiya muka je, ina cewa daga yau na daina. Ba iska ko kaɗan, ruwan kamar an shimfiɗa gilashi. Mai Kanti ya zauna a mota yana gyangyaɗi, ma'aikacin yana ciki wajen injuna. Ina gyara wa Baba hula, na ɗaga kai, sai na ga wani baƙin layi a saman ruwa can nesa, inda ba a taɓa ganin komai ba. Layin ya yi kauri, ya rabu da ruwan. Sai ga bututun a tsaye, dogo, da hayaƙinsa. Ga jirage a jere ba abin da ya riƙe su, tsakaninsu da ruwa fili fari. Ɗaya yana da wani a kife a kansa, suna taɓa juna. Rana ta fito ta gefe, duk suka yi ja. Kawu, na karanta bayaninka har na haddace, amma sai da na murza ido na sake dubawa.

Na kama hannun Baba na nuna masa. Ya daɗe yana kallo, fuskarsa ba mamaki, kamar wanda ya ga maƙwabci ya wuce. Na yunƙura zan je in taso Mai Kanti, sai ya riƙe mini wuyan hannu da ƙarfin da ban san yana da shi ba. Ya dubi dama, ya dubi hagu, ya rage murya.

"Ke ma kin gani?"

Na ce na gani, Baba, gaskiyarka ce tun farko.

"To ki yi shiru da bakinki. Kada ki faɗa a gida, ƙwaya za su ba ki."

Na koma na zauna. Muka yi ta kallo mu biyu, hannuna a cikin nasa, har rana ta ɗaga, iska ta motsa, bututun ya lanƙwashe ya narke, ruwa ya koma ruwa. Kafin mu kai mota ya fara laluben aljihu yana tambayata makullai.

A hanya Mai Kanti ya tambaye ni ko yau ma ba komai. Baba yana zaune a tsakaninmu yana kallona. Na ce masa mu je gida, shayi zai huce. Zan gaya masa wata rana, ba a gaban Baba ba. Yanzu dai kai kaɗai na faɗa wa.

Bari in tsaya nan, akwai wuyan riga da zan gama kafin mai ita ta zo. Ka riƙa hutawa, Kawu. A gaida Inna.

'Yarka, tela.